Tukur Dogo Ya Ƙi Amsa Laifin Hanya

A tashar motar Tsafe in ka ce kana neman Tukur, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Dogo, ko mai rake na bakin ƙofa zai nuna maka shi da haɓa. Baƙi ne, siriri, ya ɗan ranƙwafa irin na dogon da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin ƙaramar mota. In yana tafiya yakan ɗan ja ƙafar hagu. Ba haka aka haife shi ba.

Ɗan manomi ne. Mahaifinsa yana da shanun huɗa da gonar dawa, ya kuma so Tukur ya gaje shi, amma tun yana ƙarami hankalinsa yana kan titi. In gingimari ta wuce, sai ya saki igiyar shanu ya bi ta da kallo har ta ɓace. Da tsohon ya gaji, ya kama hannunsa ya kai shi wajen wani direba ya ce ga amana. A nan ya yi wankin mota, ya yi ɗaurin kaya, ya kwana ƙarƙashin bodi a garuruwan da bai san kowa ba, har hannunsa ya faɗa da sitiyari.

Taurin kansa ma a nan aka fara saninsa. Wani lokaci man mota ya yi ta raguwa, ubangidan ya ce shi ke zuƙa yana sayarwa. Jama'a suka ce ya durƙusa ya ba da haƙuri a wuce wurin. Tukur ya ce bai sata ba, don haka bai ga abin ba da haƙuri ba. Ya ɗauki jakarsa ya kama gabansa. Daga baya bakanike ya gano tankin ne ke yoyo, ubangidan ya aika aka kira shi. Ya dawo ya ci gaba da aikinsa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Da Allah ya hore masa tasa bas, sai ya kama jigila tsakanin Tsafe da Gusau, ranar kasuwa kuma ya zarce Bungudu da ƙauyukan bayanta. Masu gaggawa ba sa son motarsa. A shekarun nan da kowa ke tsoron yamma ta riske shi a hanya saboda 'yan bindiga, direbobi da yawa sun mai da gudu magani. Shi kuwa yakan ce ɗan bindiga wataƙila ne, amma taya in ta fashe a kan gudu babu wataƙila a ciki. Saboda haka tsofaffi da mata masu goyo suka zama fasinjojinsa, har sukan bar wata mota ta cika ta tashi don su jira tasa. Matarsa Indo tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida, da 'ya'yansu huɗu. Ba su da yawa, amma ba sa roƙo.

Akwai wata hanya da ke fita daga Bungudu ta ratsa gonaki zuwa ƙauyuka. Da can burji ce. Aka ba wani kamfani kwangila ya faɗaɗa ta ya zuba kwalta, kowa ya yi murna. Sai dai a wurin da ake kira Kwanar Marke akwai tsohon kwalbati a kan rafi, wanda aka gina tun motoci ba su yi yawa ba, aka bar shi yadda yake. Hanya ta zo da faɗinta, ta sha kwana, sai kawai ta tsuke a kan kwalbatin. Babu allon gargaɗi, babu fenti, babu ƙarfen kariya. Bakin kwaltar ya yanke kamar an sa wuƙa, daga nan sai rafi. In an yi ruwa kuma, maimakon ya gangara gefe, sai ya kwanta a kan kwanar ya rufe inda kwalta ta ƙare. Direbobi sun kai kuka ofishin hukumar da ke kula da hanyar, aka ce musu an ji.

Ranar da abin ya faru cikin marka ne, bayan azahar, an wuni ana yayyafi. Tukur ya ɗebo 'yan kasuwa daga Bungudu zai mai da su gida. Ya san wurin, don haka tun kafin kwanar ya rage giya. Yana hawa kwalbatin sai ga wata motar kaya ƙirar kanta shaƙe da itace ta ɓullo daga ɗaya gefen, ta kama tsakiyar hanya tana gudun ruwan da ke nata hannun. Ko dai su yi karo gaba da gaba, ko ya ɗan kauce. Ya kauce. Tayar gaba ta tsira, ta baya ta taka inda ruwa ya rufe, ta tarar babu hanya. Motar ta karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sannan ta kife cikin rafin. Mai kantar bai tsaya ba, har yau ba a san ko wane ne ba.

Mutum biyu suka rasu: Inna Rabi mai daddawa, da wani saurayi tela mai suna Lukuman, wanda ya sayo yadi zai koma ɗinki. Ƙafar Tukur ta karye ta maƙale ƙarƙashin sitiyari. A haka ya miƙa hannu baya ya kamo wuyan rigar Lukuman, ya ɗaga kansa sama da ruwa, ya riƙe har manoma suka zo. Sai da suka ɓamɓare yatsunsa suka gaya masa ai tuni rai ya yi halinsa.

Aka kai shi asibiti a Gusau, aka ajiye ɗan sanda a bakin gadonsa. Tuhumar da aka yi masa ita ce tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai. Da ya fara takawa da sanda, sai ga Alhaji Abdu, shugaban yuniyon direbobi na tasharsu, mutumin kirki wanda ya fitar da direbobi da yawa daga irin wannan ramin. Ya zauna ya rage murya.

"Dogo, mun daidaita magana. Za a sassauta tuhuma. Kai dai in an karanta maka, ka ce ka yi. A yanke tara, yuniyon ta biya, ka koma wurin ɗiyanka."

"Mi zan ce na yi, Alhaji?"

"Ka ce ka ɗan yi gudu."

"Ban yi gudu ba."

"Na sani. Duk tasha ta sani. Amma wa ya taɓa kai hanya ƙara? Kowane direba haka shika yi, shi amsa shi huta."

Tukur ya gyara ƙafarsa a kan gado. "Shi ya sa kwalbatin ke nan har yau, Alhaji. Duk wanda ya faɗa sai shi ce shi ne, a rufe magana, a jira na gaba."

Alhaji Abdu ya miƙe, ya ce, "In ka ƙi, ba ni da bakin da zan sake tara maka mutane." Tukur ya ce ya gode da ɗawainiya.

A kotu aka karanta masa tuhuma da Turanci, tafinta ya juya ta Hausa. Ya dafa katako ya miƙe. "Ranka shi daɗe, ni na tuƙa motar, a hannuna sunka rasu, wannan ban musa ba. Amma ganganci ban yi ba. An bar jaki ana dukan taiki." Alƙali ya ce ba a zo wajen bayani ba tukuna, abin da ake so ya faɗa shi ne ya amsa ko bai amsa ba. Ya ce, "Ban amsa ba."

An ba da belinsa, amma da sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati mai gida a Gusau ya tsaya masa. Tukur bai san irin waɗannan mutane ba, yuniyon kuma ta janye hannu. Aka wuce da shi gidan yari jiran shari'a. Damina ta ƙare yana ciki, aka yi girbi yana ciki. Ƙafar ta haɗe a karkace saboda kwanan ƙasa. Abin da ya fi cin ransa ba sauro ba ne, ba gabzar gidan ba ce. In ya rufe ido sai ya ji nauyin rigar Lukuman a yatsunsa. Ya sha tambayar kansa ko da ya tsaya cak kafin kwalbatin da ba haka ba. Ya juya abin ta kowane gefe, bai ga inda direba mai hankali zai yi dabam ba, amma hakan bai hana shi zubar da hawaye a sujada ba.

Indo ta zo ziyara da dambu a kwano. Ta rame. Ta jira mai gadi ya matsa, sannan ta ce, "Malam, yara na ta tambayarka. Kalma guda ce fa anka nema gare ka."

"Ita ce ba ni da ita, Indo."

"Ni ban ce ka yi ba. Amma tukunya ba ta jiran gaskiya ta fito. Na sai da akuyoyi, na sai da injin niƙa. Mi ya rage?"

Ya sunkuyar da kai, don maganar ta shige shi. Can ya ce, "In na amsa, gobe a ce ma ɗanmu Anas ubanka ya kashe mutum biyu da ganganci, kuma da bakinshi ya amsa. Mi zai ce musu?"

Ta ɗauki kwanonta ta fita ba sallama. Makonni suka wuce ba ta zo ba, har ya fara zaton ta tafi gidansu. Ashe yawo take yi a Gusau daga ofis zuwa ofis, ita da ko hanyar kotu ba ta sani ba da can. Ranar da ta dawo, tare take da wata matashiyar lauya, Barista Zahra'u, daga cikin masu tsaya wa marasa hali kyauta. Indo ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Tunda ka rantse sai ka yi dambe, ga mai ɗaure maka hannu."

Barista Zahra'u ba ta yi masa romon baka ba. Ta ce, "Malam Tukur, in muka yi rashin nasara, ɗaurin ba na wasa ba ne, kuma sassaucin da aka yi maka tayi ya riga ya wuce. Ka fahimta?" Ya ce ya fahimta. Ita ce ta nema aka sassauta sharaɗin beli, wani dattijo mai shagon hatsi ya tsaya masa, ya fito yana zuwa kotu daga gida.

Shari'ar ta ja. Mai gabatar da ƙara ya tsaya a kan cewa direba ya san wurin, don haka shi ya kamata ya kiyaye. Fasinjojin da suka tsira suka zo suka rantse cewa tafiyar ta yi sanyi har wani yana ƙorafi. Lauyar ta sa aka kira injiniyan hukumar hanya, wani mutum mai furfura wanda bai yi kwana-kwana ba. Ya ce lalle kwalbatin bai kai faɗin hanyar ba, an tsara za a sake shi a kashi na biyu na aikin, amma kashi na biyun ba a ba da shi ba. Aka tambaye shi allon gargaɗi fa, ya ce babu. Daga nan alƙali ya yarda kotu ta je ta gani da idonta. Suka tsaya a Kwanar Marke cikin rana, rafi ya ƙafe, bakin kwaltar a fili. Suna cikin dubawa wata babbar mota ta zo wucewa, dole kowa, har alƙali, ya sauka cikin gona don ba wurin raɓewa. Tukur yana gefe ya dogara da sandarsa yana kallo.

Ranar hukunci alƙali ya ce masu ƙara ba su tabbatar da ganganci ba, ya sallame shi ya wanke shi. Indo ta rufe fuska da mayafi. 'Yan tasha suka yi ta yi masa barka, wasu na cewa to yanzu sai a gode wa Allah a manta. Shi kuwa washegari ya hau mota sai ƙauyen su Lukuman, don lauya ta hana shi zuwa tun shari'a na gudana. Gidan Inna Rabi ya fara zuwa, 'ya'yanta suka karɓi gaisuwa suka yi addu'a. Daga nan ya wuce zauren Malam Hamidu, mahaifin Lukuman, tsoho mai saƙar tabarma. Maƙwabta suka taru. Aka yi fatiha, tsohon ya ce, "Direba, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mu dai mun yafe maka duniya da lahira."

Kowa ya jira ya ce ya gode. Tukur ya ɗago kai.

"Baba, in akwai haƙƙin Lukuman a kaina wanda ban sani ba, ina roƙon yafiya, a gabanka da gaban Allah. Amma in wagga yafiya na nufin ni na kashe shi, a rufe magana, to ban karɓa ba. Akwai waɗanda ya kamata su zo wanga zaure su durƙusa, ba su zo ba."

Wani ya ce wannan rashin ta ido ne, an yi maka alheri kana mai da shi. Malam Hamidu ya haɗe fuska ya ce, "Kana ja da ƙaddara ke nan?"

"A'a, Baba. Ajali na Allah ne. Amma kwalbati mutum ya gina shi, mutum kuma ya bar shi haka. Na riƙe ɗanka a hannuna cikin ruwa. Ba zan iya cewa ba kowa ba ne."

Tsohon bai san da wannan ba. Ya dubi hannun Tukur, ya kau da kai, ya tashi ya shiga gida ba tare da ya sallame shi ba. Tukur ya koma Tsafe yana ganin ya ɓata abin da ba zai gyaru ba. Bayan sallar layya sai ga Malam Hamidu a tasha, da sandarsa da 'yar jakarsa, yana tambayar ina Dogo. Da suka gaisa ya ce, "Na kasa barci da maganarka. Waɗanda ka ce ba su zo ba, ina aka samunsu?"

Haka aka yi Barista Zahra'u ta shigar da ƙara a babbar kotu da sunan su biyun, a kan hukumar hanya da kamfanin da ya yi aikin. Tun kafin a shigar ta gargaɗe su cewa akwai dutse a gaba, kuma shi suka ci karo da shi. Lauyoyin kamfani suka ce abin da aka ba su a kwangila shi suka yi, sun miƙa aiki an karɓa. Lauyoyin hukuma ba su ma taɓa zancen kwalbati ba. Suka ce doka ta ba mai ƙarar hukumar gwamnati wata uku ne kacal daga ranar da abin ya faru, kuma wa'adin ya daɗe da wucewa. Kotu ta yarda da su, ta kori ƙarar.

A bakin kotu Tukur ya sa lauyar ta sake yi masa bayani. Da ta gama ya ce, "Wato wata ukun da nike kulle a hannunsu, su ne wata ukun da ya kamata in kai su ƙara?" Ta ce kusan haka ne, amma akwai hujjar da za a iya ɗaukaka ƙara da ita, tunda haɗarin wurin bai gushe ba, sai dai ba ta yi masa alkawarin komai ba, kuma abin zai ɗau shekaru. Ya juya ga Malam Hamidu. Tsohon ya ce shi ba inda za shi. Tukur ya ce, "A ɗaukaka."

Bas ɗinsa ta zama ta 'yan gwangwan. Yanzu motar wani yake ja, ya kai wa mai ita balas, wato kuɗin wuni, da yamma. Amma bai zauna jiran kotu ba. Ya samo tsofaffin durom, ya shafa musu farin fenti da ja, shi da Malam Hamidu da matasan ƙauyen suka cika su da ƙasa suka jera a bakin kwalbatin da gaban kwanar. Ba a daɗe ba wani ma'aikacin hukumar ya zo ya same shi a tashar Bungudu, ya ce doka ta hana kowa ajiye wani abu a kan hanyar gwamnati ba izini, in mota ta daki durom ɗin shi za a kama.

Tukur ya ce, "To ku zo ku sa naku, in kwashe nawa yau."

Mutumin ya ce ba shi da wannan ikon, shi dai an aiko shi ne.

"Ka gaya ma wanda ya aiko ka sunana Tukur Dogo, Tsafe nike, kotu ta san ni. In kunka kwashe zan mayar."

An kwashe, ya mayar. An sake kwashewa, wannan karon direbobin hanyar ne suka riga shi mayarwa, wasu ma daga cikin waɗanda suka ce masa mahaukaci a da. Alhaji Abdu har yau yana cewa Dogo ya jawo wa kansa wahalar da ba ta zama dole ba, kuma Indo in ranta ya ɓaci takan tuna masa injin niƙanta. Ba ya musu da ko ɗaya daga cikinsu.

Kwalbatin yana nan yadda yake. A zaman da aka yi na bayan nan, lauyan hukuma ya aiko cewa ba shi da lafiya, aka ɗage. Malam Hamidu, wanda ya baro gida tun da sassafe, ya zauna a kan dakalin kotu yana mai da numfashi. Tukur ya je ya tambayi magatakarda sabuwar ranar, ya dawo ya gaya wa tsohon, ya kama hannunsa ya tsallakar da shi titi, ya sa shi a motar Bungudu a kujerar gaba. Sannan ya ja ƙafarsa zuwa inda motocin Tsafe ke lodi, don layinsa ya kusa, kuma akwai mata masu buhunan wake da suka ce shi za su jira.